Yadda Ake Bin Sawun Kuɗin Jami'ar Gwamnati Daga Takardar Kasafi Zuwa Bakin Ƙofa

Duk wanda ya zauna a Samarun Zariya a shekarar 2022 ya ga abin da rikicin kuɗi tsakanin gwamnati da malaman jami'a yake jawo wa gari. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu, ba ta janye ba sai 14 ga Oktoba. A cikin watannin nan takwas mai fotokwafi ya lulluɓe injinsa da tsohon zani saboda ƙura, mai abinci ta rage tukunya, 'yan acaba suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa, masu gidajen haya kuwa aka bar su da ɗakuna a kulle da kayan ɗalibai a ciki, ba halin ba wa wani, ba kuma kuɗin sabuwar shekara. Mutanen nan duka daga kuɗin jami'a suke cin abinci, amma ƙalilan ne suka taɓa duba inda kuɗin yake fitowa da inda yake maƙalewa, alhali mai waya da ɗan haƙuri zai iya bin sawunsa.

Ka fara da tantance mai jami'ar. Jami'ar Ahmadu Bello, da ta Bayero, da ta Usmanu Ɗanfodiyo, da ta Maiduguri duk na gwamnatin tarayya ne, albashin ma'aikatansu daga Abuja yake zuwa. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, da ta Jihar Kaduna, da ta Sule Lamido a Kafin Hausa kuwa, gwamnonin jihohinsu ne ke ɗauke da nauyinsu. Wanda bai raba wannan ba zai yi ta ɗora wa gwamna laifin da ke kan minista, ko ya kai ƙarar majalisar jiha wurin sanata.

Idan jami'ar ta tarayya ce, ka shiga shafin intanet na Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya ka sauke dokar kasafi ta shekarar da kake so, wadda shugaban ƙasa ya sa wa hannu, domin daftarin da ya kai majalisa yakan canza kafin ya fito. Ka nemi sunan jami'ar a ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi. Asibitin koyarwa ba ya nan, yana ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya da nasa kasafin daban, saboda haka kada ka gauraya su. Idan ta jiha ce, yawancin jihohi yanzu suna wallafa kasafinsu a intanet, har da rahoton abin da aka kashe duk wata uku.

Za ka tarar an kasa kuɗin gida uku: albashi, kuɗin gudanarwa, da na manyan ayyuka. Jimillar takan kai biliyoyi, kuma ita ce ake karantawa a rediyo, amma kada ta ruɗe ka, domin kusan dukanta albashi ne da zai wuce kai tsaye zuwa asusun ma'aikata. Layin da ya kamata ka tsura wa ido shi ne na gudanarwa, wanda daga cikinsa ake sa ran biyan wuta da ruwa da man janareta da kwashe shara da sinadaran ɗakin gwaji da takardun jarrabawa. Ka raba shi gida 12 don ka ga rabon kowane wata, sannan ka nemi sanin abin da jami'ar take biya na wutar lantarki a wata guda. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga farashin wuta ga masu rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta a rana, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni, kuma manyan jami'o'i da dama suna cikin wannan rukuni. Idan lissafinka ya nuna kuɗin gudanarwa na shekara ba zai biya wutar 'yan watanni ba, to ka gano dalilin da ɗakunan kwana suke kwana cikin duhu, ka kuma gano dalilin da kuɗin rajista yake hawa.

Bayan haka ka tuna cewa abin da aka rubuta a kasafi daban, abin da aka saki daban. Albashi yakan fita ko da a makare, amma kuɗin manyan ayyuka sau da yawa rabi ake saki, ko ƙasa da haka, sauran ya bi shekara. Rahoton aiwatar da kasafi da Ofishin Kasafin Kuɗi yake fitarwa, da shafin baitulmali na Ofishin Akanta Janar da aka buɗe a Disambar 2019, da shafin Govspend na ƙungiyar BudgIT, za su taimake ka ka ga kuɗin da ya fita da sunan wanda aka biya. Idan za ka kwatanta shekara da shekara, ka sa faɗuwar darajar naira a lissafi. Dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin gwamnati a watan Mayun 2023, kafin 2024 ta ƙare ta haura 1,500. Jami'ar da aka ƙara wa kasafi da rabi a tsakanin nan, a wajen sayen na'ura ko littafi daga waje baya ta ci.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund. Asalinsa harajin ilimi ne da aka kafa a 1993, bayan ASUU ta kawo shawarar a tattaunawarta da gwamnati ta 1992, sannan dokar 2011 ta mayar da shi na manyan makarantun gwamnati kaɗai. Kamfanoni ne ke biyansa daga ribarsu: kashi 2 cikin 100 da farko, ya koma 2.5, ya kai 3 a 2023, kafin dokar haraji ta 2025 ta haɗe shi da wasu haraje-haraje. Ana raba shi gida huɗu, jami'o'i su ɗauki biyu, kwalejojin kimiyya da fasaha ɗaya, kwalejojin ilimi ɗaya, kuma jami'ar jiha tana samu kamar yadda ta tarayya take samu. Da shi ake gina ɗakunan lacca, a sayi littattafai, a tura malamai ƙaro karatu, a tallafa wa bincike. Ba a biyan albashi da shi, ba a kuma biyan kuɗin wuta.

Wannan ne ya sa baƙo zai shiga jami'a ya ga gine-gine sababbi fil da fenti mai sheƙi, ya fita yana cewa ai kuɗi na zuba. Na taɓa shiga wani katafaren ɗakin lacca irin wannan a wata jami'a, kujeru a jere ko ledarsu ba a gama cirewa ba, fankoki sun fi ashirin a sama ba ko ɗaya da ke juyawa, ɗalibai suna fifita da takardun karatunsu, bayan gida kuma a garƙame da kwaɗo saboda famfon bai taɓa kawo ruwa ba. Kuɗin gini ya zo, kuɗin riƙe ginin ne bai zo ba. Saboda haka idan kana zagayawa, ka karanta allon da ke gaban kowane gini ka rubuta wanda ya ba da kuɗin. A jami'ar jiha wannan ƙirga tana da daɗin yi, domin idan ka tarar kusan kowane gini na TETFund ne, ka san gwamnatin jihar ta kafa jami'a ne ta bar wa wani reno, ko da kuwa gwamna ne ya yanke ƙyallen buɗewa.

Giɓin da ya rage jami'a takan cike shi da kuɗin shigarta. A hukumance jami'o'in tarayya ba sa karɓar kuɗin koyarwa daga masu digirin farko, sai dai kuɗin rajista da na jarrabawa da na asibiti da na ɗakin kwana, kuma waɗannan ne da yawansu suka ninka a 2023, shekarar da aka cire tallafin man fetur. Ka nemi takardar kuɗin rajista ta shekaru uku a jere ka ga layin da ya fi tashi. Ka kuma lura da yawan shirye-shiryen difloma da karatun ƙarshen mako, domin jami'ar da take ta buɗe irin waɗannan galibi kuɗin man janareta take nema. Game da NELFUND, asusun gwamnati na ba ɗalibai rance, wanda ya buɗe shafinsa a watan Mayun 2024, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, yana kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata, amma kada ka lissafa shi cikin abin da gwamnati ta ba jami'a. Rance ne marar ruwa a wuyan ɗalibi, wanda zai fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa.

Abin da ba ka samu a intanet ba, ka nema a rubuce. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar tambayar hukumar gwamnati, ba tare da faɗin dalili ba, kuma ta ba hukumar kwana 7 ta amsa. Ka rubuta wa magatakardar jami'a wasiƙa gajera mai ladabi, ka ambaci takarda guda da shekararta, misali jimillar kuɗin gudanarwa da aka karɓa a 2024, ko jerin ayyukan TETFund da matakin da kowanne ya kai. Tambaya mai faɗi irin ta "ina kuɗin jami'a suke tafiya" amsa mai faɗi take samu. Ka je da kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a kan ɗaya ka riƙe. Kada kuma ka yi zagayen gani da ido a makon da jami'an Hukumar Kula da Jami'o'i suka zo tantance kwasa-kwasai, domin a lokacin ake share ko'ina, ruwa ya zo, wani lokaci har da kayan aiki na aro. Ka bari sai sun tafi da wata guda.

Daga nan sai ka fito bakin ƙofa, inda sauran lissafin yake. Jami'o'in gwamnati ƙalilan ne ke iya kwantar da ko rabin ɗalibansu, don haka duk ɗakin kwanan da ba a gina ba yakan koma ƙarin kuɗin haya a unguwar da ke maƙwabtaka, mai gida ya ji daɗi, ƙaramin ma'aikacin da ke haya a unguwar tun da can ya koma bayan gari. Ka tambayi dillalai biyu ko uku kuɗin ɗaki bana da na shekaru uku da suka wuce. Ka tambayi mai kanti yawan malaman da ke cikin littafin bashinsa, domin lokacin da gwamnati ta riƙe albashin watannin yajin 2022, wanda daga baya aka saki na wata huɗu, 'yan kasuwar gari ne suka ɗauki nauyin jiran. Jihar ma tana da rabo a ciki, tunda harajin albashin ma'aikatan jami'ar tarayya asusun jihar da suke zaune yake shiga. Garuruwa irin Dutsin-Ma da Kashere, da suka sami jami'a a 2011, da Gashuwa a 2013, su suka fi jin wannan a jika, saboda filaye da shaguna da gidajensu sun yi daraja ne a kan ɗalibai, ba su da wata babbar masana'anta da za ta riƙe kasuwa idan makaranta ta rufe.

Mai gidan haya ko mai shago a irin wannan gari ya kamata ya riƙa sauraron labarin ASUU kamar yadda manomi yake duban hadari. Yajin aiki ba ya faɗowa rana tsaka: sai an ba da wa'adi, sannan yajin gargaɗi, kuma na 2022 ma da gargaɗin wata guda ya fara. Daga jin wa'adi, ka dakata da saro kayan da ke lalacewa, kada ka ci bashi don ƙara ɗakuna, kuma ka rubuta a yarjejeniyar haya yadda za a yi idan an rufe makaranta, tun ana ganin juna da mutunci.

Abin da ka tattara, ka taƙaita shi a shafi guda: abin da aka ware, abin da aka saki, kuɗin wutar wata, kuɗin rajista na shekaru uku, da hotunan ayyukan da suka tsaya tare da allunansu. Ka ba ƙungiyar tsofaffin ɗalibai kwafi, ka ba wakilin gidan rediyon da ke garin, ka kai wa ɗan majalisar mazaɓarku. Lokacin kai masa shi ne makonnin da ke tsakanin gabatar da kasafi da amincewa da shi, sa'ad da shugabannin jami'o'i suke bayyana gaban kwamitin majalisa don kare abin da suka nema, domin a nan ne ake iya ƙara wa layin gudanarwa wani abu kafin a rufe littafin shekara.