Yadda Ake Shirya Uwar Garke Don Tattara Bayanai Daga Na'urorin Awo Da Ke Warwatse

Idan na'urorin awo, irin masu auna zafi, damshi ko ƙurar iska, suna hannun mutane daban-daban a wurare masu nisa da juna, uwar garke, wato kwamfutar da ke karɓar bayanansu, ba ta da ikon tilasta wa kowace ta yi magana a kan kari. Wata batirinta zai mutu, wata intanet zai yanke mata kwana biyu, wata kuma za ta aiko da saƙo ɗaya sau biyu. Don haka tun daga tushe ya kamata a gina uwar garken da sanin cewa hakan zai faru, domin saka manhajojin ba ya wuce 'yan mintuna, kuma ainihin aikin yana wajen sanin wanda ya aiko da saƙo da lokacin da aka yi awon.

Kwamfuta mai Debian ko Ubuntu, wadda ba a kashewa kuma adireshinta ba ya canzawa, ta isa a fara da ita. Hanyar sadarwar da ta fi dacewa ita ce MQTT, wadda Andy Stanford-Clark da Arlen Nipper suka ƙirƙiro a 1999 don sa ido kan bututun mai ta tauraron ɗan Adam, wato an haife ta ne don layi mai rauni da tsada. Tsarinta na dillanci ne: kowace na'ura tana miƙa saƙonta ga dillali a ƙarƙashin wani maudu'i, shi kuma ya isar da shi ga duk wanda ya nemi wannan maudu'in. Dillalin da za mu yi amfani da shi shi ne Mosquitto, ana saka shi da umarnin sudo apt install mosquitto mosquitto-clients.

Tun daga siga ta 2.0, Mosquitto ba ya sauraren kowa daga waje sai an buɗe masa ƙofa a fayil ɗin saituna, kuma wannan tsari ne mai kyau. A buɗe ƙofa ta 8883, wadda ke kulle saƙonni da TLS, a bar ta 1883 don amfanin cikin kwamfutar kawai, sannan a rubuta allow_anonymous false. Ana samun takardar shaidar TLS kyauta daga Let's Encrypt, amma wa'adinta gajere ne, saboda haka a tsara sabunta ta kai tsaye tare da sa Mosquitto ya sake karanta ta.

A nan ne nake roƙon mai karatu kada ya yi ƙyuya. Raba wa na'urori hamsin kalmar sirri ɗaya yana da sauƙi, amma ranar da aka sace guda, ko mai ita ya fara turo shirme, babu yadda za a yi a cire ta sai an bi sauran duka an canza musu. A ba kowace na'ura suna da kalmar sirrinta ta hanyar mosquitto_passwd, sannan a fayil ɗin izini a sa layin pattern write awo/%u/# wanda ke nufin kowace na'ura ba za ta iya rubutu ba sai a ƙarƙashin sunanta. Na'ura mai suna n017 za ta aika zuwa awo/n017/zafi, ba za ta taɓa yin magana da bakin n018 ba.

MQTT tana da matakan isar da saƙo uku, 0 da 1 da 2. Mataki na 1 ya fi dacewa da awo, domin yana tabbatar da saƙo ya iso aƙalla sau ɗaya, ko da yake yana iya maimaituwa. Maganin maimaicin yana wajen rumbun bayanai. A InfluxDB, rumbun da za mu yi amfani da shi, idan awo biyu suka zo da suna ɗaya, alamomi ɗaya da lokaci ɗaya, na biyun yana hawa kan na farko ne, ba a samun layi biyu. Sai dai wannan ba zai yi aiki ba idan uwar garke ce ke buga lokaci sa'ad da saƙo ya iso. Dole na'urar da kanta ta sa lokacin awo a cikin saƙon, a agogon UTC, wato lokacin bai-ɗaya na duniya, ta yadda awon da ya makale kwana biyu zai sauka a ranar da aka yi shi.

Wanda zai kwaso saƙonni daga dillali ya zuba a rumbu shi ne Telegraf, ta sashensa na mqtt_consumer. A ba shi maudu'in awo/#, a sa qos = 1, wato mataki na 1, da persistent_session = true tare da client_id tsayayye, sannan a nuna masa filin lokaci da json_time_key. Da haka idan Telegraf ya tsaya, dillali zai riƙe masa saƙonni har ya dawo; a Mosquitto kuma a kunna persistence true, domin kada saƙonnin da aka riƙe su ɓace idan aka sake kunna dillalin.

Akwai wani abu da ke ruɗa masu farawa. Allon lantarki irin ESP32, wanda ake haɗa na'urar awo da shi, ba shi da batirin agogo, don haka idan ya farka kafin ya daidaita lokaci ta NTP, wato hanyar karɓar lokaci daga intanet, zai ɗauka yana ranar 1 ga Janairun 1970. Dillali zai nuna saƙo ya shigo, amma jadawali ya kasance wayam, alhali awon yana can kwance a 1970. A hana na'urar aikawa sai agogonta ya daidaita.

Ya rage a san wadda ta yi shiru. Kowace na'ura tana iya barin wasiyya a wurin dillali lokacin da take haɗuwa da shi, wato saƙon da zai sanar a madadinta idan ta ɓace ba sallama. A sa wasiyyar ta ce "a kashe" a awo/n017/hali, na'urar kuma ta rubuta "a kunne" duk sa'ad da ta dawo. Daga nan sai a haɗa Grafana da rumbun don zana jadawali, a kuma saita gargaɗi ga duk na'urar da ta yi awa ɗaya ba ta ce uffan ba.

Kafin a gayyaci masu na'urori, a buɗe mosquitto_sub -v -t 'awo/#' da asusun da ke da izinin karatu, a kunna na'ura ɗaya a ga saƙonninta suna sauka. Sannan a cire mata intanet na minti goma, a mayar, a duba ko wasiyyar ta fito, ko kuma awon da ta ajiye ya cike gurbin da ke jadawalin.