Libarba mai cin albarushi: wadda za ka zaɓa da yadda ake ɗura ta

Duk wanda ya tambaye ni wadda zai fara da ita, Remington samfurin 1858 nake ce masa, mai awon .44 (faɗin ramin hancinta a inci), jikinta na ƙarfe. Na san Colt Navy ta 1851 ta fi ta kyan gani, ta fi daɗin riƙo, kuma dukkansu sun ga yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Amma Colt samanta a buɗe yake, ɓarɓashin hula (ɗan murfin jan ƙarfe da ke kunna albarushi) kan faɗa mata ciki ta cije. Tawa ta taɓa yi mini haka sau uku a zama ɗaya, har na zauna ina tsintar jan ƙarfe da tsinke. Remington kuwa akwai ƙarfe a bisa silindarta (ɓangaren da ke juyawa, mai ramukan ɗuri), kuma cire silindar ba wuya. Galibin na kasuwa a yau kwaikwayo ne daga Italiya, na kamfanin Uberti ko Pietta. Mai jikin tagulla ta fi araha, sai dai ɗuri mai nauyi na sa ta yi sako-sako da wuri. Kafin ka saya, san dokar inda kake.

Albarushi baƙi kaɗai take ci, mai lambar FFFg (alamar laushin garin), ko abin da aka yi musamman a madadinsa. Garin harsashin zamani marar hayaƙi zai tarwatsa ta a hannunka.

Wajen ɗuri, kada ka tsiyaya kai tsaye daga gorar albarushi, don wata ƙila akwai sauran wuta a ramin silindar. Auna a ma'auni tukuna. Ni giren 25 (ma'aunin albarushi ne) nake zuba wa .44. Sai ƙullin dalma mai laushi, awon .454, ka danna shi da sandar da ke ƙarƙashin hancin bindigar har ya zauna daram a kan garin, ba iska a tsakani. Duba bakin ramin da kyau: ya kamata ka ga wani siririn zobe na dalma da bakin ramin ya yanke daga ƙullin. Wannan zoben shi ne shaidar ramin ya toshe. In babu shi, ƙullin ya yi ƙanƙanta, wuta na iya tsallakawa ramuka biyu ko uku su tashi tare. Ina kuma shafa maiƙo a bisa kowane ƙulli.

Hula ce ta ƙarshe, lamba 10 ko 11, wadda ta kama ɗan bakin da ke bayan kowane rami sosai. Hancin bindiga na kallon wurin harbi, tabarau a ido. In ka ja kunama ba ta tashi ba, kada ka leƙa. Riƙe ta yadda take na minti guda.

Wanki kuma a ranar ake yi. Tokar albarushi na jan laima. Na taɓa cewa bari sai gobe, da safe na tarar da tsatsa ja a ramukan. Ruwan zafi da sabulu, ka busar da ita sarai, sannan mai.