Babi na Huɗu: Katin Rigakafi da Ranar Dawowa

Darasi na 1

'Yar uwa, ɗauko katin rigakafin yaronki, wanda aka ba ki a asibiti. Buɗe shi. Nemi wurin da ma'aikaciyar lafiya ta rubuta lambobi da biro. Wannan ita ce ranar dawowa.

Ga misali: 12/03/2025.

Lamba ta farko rana ce, 12. Ta tsakiya wata ce, 03, wato wata na uku. Ta ƙarshe shekara ce. Ɗora yatsanki a kan ta tsakiya ki ce "wata". Sake faɗa. Madalla.

To, a nan ake yawan tuntuɓe. Watan da ke kan kati watan Bature ne. 03 Maris ne, ba Rabi'ul Awwal ba. Idan kika lissafa da watan Musulunci, ranar za ta wuce ki. Kada ki ji kunya, kusan kowa a aji yana yin wannan kuskure da farko. Koma kan katin. Ta farko rana, ta tsakiya wata, watan Bature. Rubuta 05/09 a littafinki. Wane wata ne? Satumba. Idan kin ce Mayu, kin karanta ta farko ne, koma ta tsakiya.

Darasi na 2

Ana kai yaro da zarar an haife shi, sai yana da sati 6, sati 10 da sati 14. Daga nan sai wata 9, sai wata 15. Ta wata 9 ce ake mantawa saboda tazarar ta yi nisa, alhali a ranar ake fara allurar ƙyanda. Ƙyanda kuwa tana makantar da yaro, tana kuma kisa.

Wasunku sun ce yaro ya yi zazzaɓi bayan allura, shi ya sa ba su koma ba. Haba! Ɗan zafin jikin nan kwana ɗaya ko biyu yake yi ya sauka. Da ɗigon rigakafi aka kori ƙwayar shan-inna ta daji, har aka tabbatar a 2020 cewa babu ita a Najeriya. Mashaƙon da ya addabi Kano a 2023 kuma yawanci yaran da ba a kammala musu allura ba ya kama. Amma har yau sai a ga kati a ƙarƙashin katifa, ɓera ya ci rabinsa. Sa shi a leda. Duba ta tsakiya, wata ce.

Darasi na 3

Idan likita ya rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana 5, a sha har kwana 5, ko da an ji sauƙi. Kada a sayi kafso a hannun mai talla don mura, ba ya yi mata komai. Yawan shansa barkatai ne ke sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani.

Darasi na 4

Zo da katin gobe. Za ki karanta mana ranar dawowa da kanki.