Darasi na Bakwai: In Takardar Haihuwa Ta Ɓace

Takardar haihuwa, wadda muke ce wa akta, ita ce uwar takardu a Kamaru. Da ita ake rubuta sunan yaro a jarrabawar CEP a ajin ƙarshe na firamare. Da ita babba ke neman katin ɗan ƙasa, kuma wanda ba shi da kati ba ya samun fasfo, balle ya hau jirgin alhazai a Garwa.

Ɓacewarta ba abin kunya ba ne. Gara tana ci, gobara tana ci, ruwa yana tafiya da ita. Ambaliyar 2012 a bakin Binuwai da ta 2024 a Yagwa sun shiga ɗakuna da yawa. Mutanen Kolofata da Fotokol da suka gudu cikin dare saboda Boko Haram kuwa, wa zai tsaya neman takarda?

Ku fara riƙe wannan. Ranar da aka yi rajistar haihuwarka, sakatare ya rubuta ta cikin babban littafi. Ya yanke gefe ɗaya ya miƙa wa iyayenka, ɗaya gefen ya zauna a littafin. Wanda ya zauna shi ne gindin takarda, ma'aikata suna ce masa sush. Lamba ɗaya ke kansu, suna ɗaya, rana ɗaya. Saboda haka taka ce kawai ta ɓace, ta hukuma tana nan. Aikinka shi ne ka kai kanka inda littafin yake.

Kafin ka fita daga gida

Ka tara abin da ka sani: cikakken sunanka yadda yake a rubuce, sunan mahaifi da na mahaifiya, shekarar haihuwa, garin da aka yi rajistar, da lambar aktar in za a samu. Lambar nan tana rage wahala ƙwarai. Sau da yawa akwai tsohon fotokofi a makarantar da yaro ya yi, ko a jakar wani kawu mai adana takardu. Ko ya yi baƙi, ko ya yage, ka ɗauka.

Daga nan ka je ofishin 'yan sanda ko na jandarma ka shaida cewa takardarka ta ɓace. Za su ba ka takardar shaidar ɓata. Ana manna mata tambur, wato kan sarki na biyan kuɗin hukuma.

A meri

Meri shi ne ofishin magajin gari, kuma a nan mutane suka fi ɓata kuɗin mota. Ba merin unguwar da kake zaune za ka je ba, sai wanda aka rubuta haihuwar a cikinsa. Haifaffen Mokolo da ke kasuwanci a Ngaundare, littafinsa yana Mokolo. In tafiyar ta yi nisa, ɗan'uwa na can ya fara shiga ya duba ko gindin yana nan. A ƙauyuka akwai ƙananan cibiyoyin rajista, wasu ma a ƙofar lawan ko jauro, wato masu sarautar ƙauye, suke, kuma kowacce tana ƙarƙashin wani meri. Garwa, Marwa da Ngaundare kuma kowanne an raba shi gida uku. Wanda aka haifa kafin rabon, ya tambayi inda aka ajiye tsofaffin littattafai, kada ya juya don an ce masa babu a ofishin farko.

Mu karanta wannan hira tare, mutum biyu su tashi:

"Salamu alaikum. Ina kwana, malam sakatare?"

"Lafiya lau, Inna. Me ke tafe da ke?"

"Aktar yarona ce ruwa ya ci, ga shi makaranta suna nema."

"A nan aka yi ta?"

"A nan aka yi, shekarar 2014. Ga tsohon fotokofi, ga takardar 'yan sanda."

"Madalla, kin sauƙaƙa mini aiki. Zauna, Inna, in ɗauko littafin shekarar."

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. In an gama ka ba ni rasit na abin da na biya."

Ku lura da maganarta ta ƙarshe. Neman rasit ba rashin kunya ba ne. Kuɗin da za ka biya na tambur ne, na gwamnati da na meri, kuma kowane tambur da farashinsa a rubuce a jikinsa. Ka karanta da idonka, ai dalilin zuwa wannan aji ke nan.

In an ga gindin, za a ba ka takardar shaida cewa yana nan, a kuma kwafe maka abin da ke ciki, magajin gari ko mataimakinsa ya sa hannu ya buga hatimi. Kada ka bar wurin sai ka duba harafi bayan harafi. In littafi ya ce Oumarou, kofi ya ce Oumar, a idon hukuma mutum biyu ne. Ka sani kuma ofisoshi da yawa suna son kofin da bai wuce wata 3 ba, don haka ba amfani ka yi guda goma ka ajiye.

In ba a ga gindin ba

Yana faruwa. Littafi ya ƙone, ko gara ta cinye shi, ko kuwa tun farko ba a taɓa rubuta haihuwar ba. Akwai kofin littattafan da ake ajiyewa a kotu, ana iya dubawa can ma. In duk babu, meri zai ba ka takardar shaida cewa ba a samu ba, sai ka nufi kotun yankin da aka haife ka. Alƙali ne ke da ikon ba da izinin sake rubuta akta. Za ka shigar da takardar roƙo, ka zo da shaidu waɗanda suka san haihuwarka kuma suke da katin ɗan ƙasa. Wanda ba a taɓa yi wa rajista ba, likita yana duba shi ya rubuta kimanin shekarunsa.

Hukuncin alƙali ba shi ne akta ba. Mutane da yawa suna karɓarsa su kai gida su sa a akwati, suna ganin an gama. Da sauran aiki. Sai an mai da hukuncin zuwa meri, an rubuta shi cikin littafi, sannan a ba ka akta a hannu.

Wani lokaci alƙalai kan fito ƙauye su yi zaman kotu, musamman don 'yan makaranta marasa akta. In kun ji sanarwa daga lawan ko daraktan makaranta, ku je da wuri. Ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Dillalan bakin ƙofa

Za ka same su a inuwar bishiya kusa da meri. Za su ce kawo kuɗi, gobe ka karɓi sabuwa, har ma a rage maka shekaru in kana so. Takardar za ta yi kyau, da hatimi da komai, amma ba ta da gindi a kowane littafi. Ko kuma a rubuta maka ta biyu a wani gari, ka zama mai haihuwa biyu. Yanzu katin ɗan ƙasa da zanen yatsu ake yinsa, kwamfuta tana riƙe da sunanka na farko da ranarka ta farko. Ranar da biyun suka ci karo, kati ya tsaya, fasfo ya tsaya, kuma takardar jabu laifi ne da ke kai mutum kurkuku. Dillalin kuwa ba za ka sake ganinsa ba.

In sabuwa ta zo hannu, ka yi mata fotokofi, ka ɗauki hotonta a waya. Kada ka kai a narka mata roba, domin ana ƙara rubutu a gefen akta, kamar in an ɗaura aure a meri, kuma ofisoshi da dama ba sa karɓar wadda aka rufe. Jakar leda mai kauri ta isa, a rataye ta sama, nesa da ƙasa.

Aikin gida

Ɗauko aktar mutum ɗaya a gidanku. Kwafe lambarta, shekararta da sunan cibiyar da ta bayar a shafin ƙarshe na littafinka. Wanda ba a samu ko ɗaya a gidansu ba, ya rubuto sunayen yaran da garin da aka haifi kowanne, ya zo da su darasi mai zuwa.