Kurakuran da masu sayen waken suya a Kumasi suka fi yi, da hanyar gyara su

Yawancin waken suyan da ake matsewa a Kumasi domin a sami mai da tunkuzar abincin kaji daga arewa yake zuwa, daga wajejen Yendi, Gushegu, Karaga da Wa. Babban kuskuren da muke yi shi ne karɓar mota cike da buhuna ba tare da tambayar gonar da ta haifar da su ba. Idan aka tambayi dillali, amsarsa ɗaya ce: “Alhaji, kayan Tamale ne.” To, Tamale matattara ce kawai. Gyaran shi ne a riƙe littafi, a rubuta sunan ƙauye da ƙungiyar manoma da ranar lodi a kan kowane kaso. Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 wadda ta hana shigar wa ƙasashenta da waken suya da koko da aka noma a dajin da aka sare bayan 31 ga Disamba 2020, kuma tana neman a nuna ainihin wurin gonar, saboda haka duk mai burin sayar wa masu fitar da kaya waje zai buƙaci wannan rubutu.

Wannan tambaya ta asalin gona ita ce kuma take kare kaɗanya da ɗorawa. Manomin da ya sare su domin tarakta ta sami hanya ya raba matan gidansa da kuɗin man kaɗe da daddawa, alhali waken suya ba ya buƙatar sabon daji: saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, shi ya sa ake karɓa-karɓa tsakaninsa da masara a gona ɗaya.

Sai maganar danshi, wadda ni kaina ta taɓa ci mini jari. Na ciji ƙwaya na ji ta fashe, na amince, na jibge buhuna a kan siminti a unguwar Aboabo ta Kumasi, bayan 'yan makonni na zura hannu na ji ɗumi, ƙasan buhunan ya yi fumfuna. Laimar Kumasi ba ta arewa ba ce. A gwada da na'ura, kada danshi ya wuce kashi 13 cikin ɗari, a kuma ɗora buhuna a kan katako nesa da bango.

Awo da kwano mai toro, ko buhun da aka danna har ya wuce kima, shi ma kuskure ne, domin manomin da aka ƙware bana zai rama baɗi da yashi da tsakuwa. A auna da sikeli a gabansa, a biya a kan kilo, a ƙara wa mai tsabtataccen kaya kuɗi.

Masu kiwon kaji da ke sayen tunkuzar da aka shigo da ita daga Brazil ko Ajantina kuwa, su nemi takardar shaidar RTRS, ƙungiyar da aka kafa a 2006 mai ba da shaidar cewa an noma waken suya ba tare da ɓarnar daji ba, kafin su biya kafin alƙalami.