Zama da batirin zuciya: makonni shida na farko da abin da ke biyo baya

A layinmu na Tudun Wada a Zariya yanzu "mai batir" ake ce mini. Yara ne suka fara, manya suka ɗauka, ni ma na daina musu. Wata takwas ke nan da aka sa mini na'urar daidaita bugun zuciya, wadda likitoci ke kira fesmeka, bayan na yanke jiki na faɗi sau biyu, na biyun a ƙofar masallaci ana shirin tayar da La'asar. Da aka auna, sau 34 zuciyata ke bugawa a minti, alhali ta mai lafiya idan yana zaune tana yin 60 zuwa 100. Likita ya ce hanyar da saƙon lantarki ke bi daga saman zuciya zuwa ƙasanta ce ta toshe. Tun da na dawo gida an turo mini mutum uku da za a yi wa irin aikin, kuma tambayoyinsu kusan ɗaya ne, shi ya sa na zauna na rubuta. Inda maganata ta saɓa da ta likitanka, bi tasa, don shi ya ga zuciyarka.

Fara da sanin abin da ke ƙirjinka. Ɗan ƙarfe ne da bai kai akwatin ashana kauri ba, an yi masa aljihu a ƙarƙashin fata, ƙasa kaɗan da ƙashin da ya taso daga wuya zuwa kafaɗa, galibi a hagu. Daga jikinsa siraran wayoyi, ɗaya ko biyu, wani lokaci uku, suka bi ta jijiyar jini suka shiga cikin zuciya. Aikinsa sauraro ne. Idan zuciya ta buga da kanta sai ya ƙyale ta, idan ta yi jinkiri sai ya ɗan zabure ta da wutar da ba za ka ji ba. Nawa an saita shi kada bugun ya sauka ƙasa da 60.

Waɗannan wayoyin su ne dalilin duk dokokin makonnin farko, kuma da an yi mini bayanin haka tun a gadon asibiti da ban sha wahalar da na sha ba. Bakin kowace waya maƙale shi kawai aka yi a bangon zuciya. Sai tsoka ta tofo ta rufe shi sannan zai zauna daram, abin da ke ɗaukar mako huɗu zuwa shida. Kafin nan, idan ka ɗaga gwiwar hannun wannan ɓangaren sama da kafaɗa, ko ka miƙa shi baya da ƙarfi, ko ka ɗauki abin da ya wuce kilo biyar, kana iya fizgo wayar daga wurinta, a sake komawa ɗakin tiyata. Kilo biyar ba wani abu ba ne: bokitin wanka cike ya ninka shi.

A baki abin da sauƙi. A aikace sai ka gane rabin abin da Bahaushe ke yi a yini da ɗaga hannu yake yin sa. Babbar riga na fara jinginewa, don sa ta ta ka ake yi, ga kuma tattara ta a kafaɗa kowane taku goma. Kaftani ma haka. Uwargida ta tono mini tsofaffin riguna masu botin a gaba tun na zamanin da nake koyarwa, in fara zura hannun hagu, sannan dama. Wajen alwala, shafar kai ce matsala, sai na koyi sunkuyar da kan ya zo wurin hannu maimakon hannu ya je wurinsa. Kabbara ba ta da damuwa, tafin hannu ya kai daidai kafaɗa, gwiwar hannu na ƙasa. Tasowa daga sujada ita ce inda mutum ke dogara da hannu bai sani ba, don haka mako biyu na yi ina salla a kan kujera. Na tambayi limaminmu, ya ce, "Malam, ai wannan ko tambaya ba ta buƙata, lalura ce." Ke kuma da aka yi wa aikin, daka, jan guga, ɗora tulu a ka, goyo da ɗaurin ɗankwali mai tsawo duk su jira. Idan igiyar rigar ciki na gogar wurin, sa ɗan ƙyalle mai laushi a tsakani.

Sai dai kada ka yi irin kuskurena. Tsoro ya sa na manne hannun a jikina kamar wanda ya karye, ko cokali ba na ɗauka da shi. Da na koma asibiti kafaɗar ta sandare, sai da na yi wata biyu ina motsa ta da zafi kafin ta saki. Nas ɗin da ta duba ni ta ce, "Baba, cewa muka yi kada ka ɗaga, ba mu ce ka ɗaure ba." Ci abinci da shi, yi rubutu, juya kafaɗar a hankali sau da yawa a yini, iyaka dai kada gwiwar ta wuce kafaɗa.

Ciwon kansa ƙarami ne, amma kada ruwa ya taɓa shi sai ranar da aka ce. Ni goge jiki na riƙa yi da tsumma daga ƙirji zuwa sama. An yi mini aikin ne da bazara, lokacin da zufa ke tsiyaya ko kana zaune, don haka kullum sai an duba filastar ko ta jiƙe. 'Yan dubiya za su zo da zuma, man shanu, garin wannan da saiwar wancan. Karɓi ka yi godiya, kada ko ɗaya ya hau wurin. Ƙwayar cuta idan ta shiga wannan aljihun tana iya bin waya har cikin zuciya, kuma sau da yawa maganinta sai an cire na'urar gaba ɗaya. Ja, kumburin da ke ƙaruwa, zafi, ruwa ko mugunya, ko zazzaɓi, ba na kemis ba ne. Kada ka ce maleriya ce ka sha magani ka kwanta, tafi asibitin da aka yi aikin. Haka idan jiri ko suma suka dawo, ko numfashi ya yi wuya, ko hannun ya kumbura, ko shaƙuwa ta kama ka ta ƙi tsayawa. Wannan ta ƙarshen mutane na raina ta, alhali tana iya nuna waya ta goce tana zaburar tsokar numfashi. Kuma ka hana yatsunka wasa da na'urar ta saman fata. Hannu na son zuwa wurin, musamman da dare, amma juya ta na iya nannaɗe wayoyin. Wanzami ma ka gaya masa ba ƙaho a wannan yankin.

A Keke Napep zauna ta yadda hannun dama ne zai kama ƙarfe. Rana ta goma sha biyu muka faɗa rami wajen Kwangila, hannun hagu ya tashi da kansa ya cafki ƙarfen sama. Kwana na yi ban runtsa ba ina ƙirga bugun jijiya. Washegari aka duba, ba abin da ya motsa, amma daga ranar na san gefen da zan zauna. Acaɓa na bar shi har wata biyu. Tuƙi kuwa likita ne zai ba ka rana.

Yanzu maganar da ta fi yawo a gari: wuta da waya. Na'urar ba ta son maganaɗisu mai ƙarfi a kusa da ita, don idan ta ji shi tana daina sauraron zuciya ta koma bugawa a kan ƙa'ida ɗaya har sai an janye shi. Ba ta son kuma injin da ke watsa lantarki mai yawa, don tana iya ɗaukar hayaniyarsa a matsayin bugun zuciya ta yi shiru. Maganin duka biyun tazara ce. Wayar salula santimita 15, wato tsawon biro. Matsalar ita ce telolinmu a hagu suke ɗinka aljihun gaba, daidai kan na'urar, kuma shekara ashirin nan nake jefa wayata. Sai da na kai rigunana Sabon Gari aka ɗinke bakin aljihun sannan na daina. Amsa kira da kunnen dama. Sababbin iPhone, daga 12 zuwa sama, suna da zoben maganaɗisu a bayansu, su aka fi yi wa kashedi. Abin sauraro na kunne ma kada ka rataye shi yana lilo a ƙirji, kuma kada ka rungumi babbar lasifika ranar walima kana taimakon yara.

Janareta ka ba shi kamar tsawon hannu idan yana aiki, jan igiyarsa kuma ka bar wa yara. Kada ka kifa ƙirji a kan injin mota yana kunne. Walda ita ce babba: idan sana'arka ce, zauna da likita tun kafin ka koma. Injinan tausa masu ba da wuta da ake tallarsu a kasuwa, da sikelin da ke auna kitse ta hanyar tura lantarki a jiki, ka bar su. Firji, talabijin, fanka, dutsen guga, rediyo, injin aski, babu komai. Idan kana kusa da wani inji ka ji jiri ko bugun ya rikice, ja da baya kawai, na'urar za ta koma daidai.

Za a ba ka kati mai sunan kamfanin na'urar, lambarta da ranar da aka sa ta. Ɗauki hotonsa a waya, yi kwafi ka ba iyali, ainihin kuma ya zauna tare da kai. A ƙofar banki mai ƙarar nan, nuna wa mai gadi. Wucewa ta irin waɗannan ƙofofin ba ta ɓata na'urar idan ba tsayawa ka yi a ciki ba, amma ƙarfen na iya sa ta yi ƙara. Wani mai gadi sai da ya sa na fito sau uku ina zazzage aljihu kafin na tuna da katin. Masu sandar bincike a masallacin Juma'a ko filin jirgi, ka ce su wuce da ita da sauri, kada su tsayar a ƙirji. Duk asibitin da ka shiga, ko haƙori za a cire, faɗa musu tun a bakin ƙofa. Hoton ƙirji da sikanin ciki ba matsala. Hoton MRI, wanda ake ɗauka da injin maganaɗisu mai ƙarfi, shi ne ba a shiga sai likitan zuciya ya tabbatar na'urarka irin wadda ke jurewa ce, ya kuma saita ta kafin a fara.

Sunan kamfanin ya fi yadda kake zato muhimmanci. Medtronic, Abbott, Boston Scientific da Biotronik kowanne da kwamfutar da ke karanta nasa, ta wani ba ta saita ta wani. Kafin a sallame ka tambayi inda za a riƙa duba taka, a nan asibitin koyarwa na Shika ne ko sai ka je Kano ko Abuja, don ka san kuɗin motar da ke gabanka. Dubawar farko bayan kamar mako shida ce, daga nan duk wata shida ko shekara. Ba ta da zafi, wani ɗan faifai ake ɗora maka a ƙirji, allon ya nuna komai har da shekarun da suka rage wa batirin.

Wani maƙwabcina ya tambaye ni da gaske yadda nake yi idan an ɗauke wuta. Ba a cajinsa. Batirin litiyam ne a rufe, yakan yi shekara bakwai zuwa goma sha biyu gwargwadon yadda zuciya ke dogara da shi, kuma ba ya mutuwa farat ɗaya, yana ba da sanarwa watanni kafin nan, in dai kana zuwa dubawa. Ranar canji akwatin kawai ake sauyawa, wayoyin na nan. Kuɗin ba kaɗan ba ne, ni dai na shiga adashi saboda shi tun watan da na warke. Maganin hawan jini kuma ban daina ba, don na'urar saurin bugu kawai take gyarawa. Azumi ma ita ba ta hana shi, lokutan shan magani ne za ku tsara da likita.

Uwargida ta fi ni tsoro. Wata guda tana tashi cikin dare ta kara kunne a bakina. 'Yata da ke karatu a Samaru ce ta kwantar mata da hankali da labarin Arne Larsson, mutumin farko da aka dasa wa irin wannan na'ura a ƙasar Suwidin a 1958. Ta farkon awanni kaɗan ta yi ta tsaya. An canza masa fiye da 20 a rayuwarsa, ya rasu a 2001 yana da shekara 86, bayan likitan da ya yi masa aikin da injiniyan da ya ƙera ta duk sun riga shi. Uwargida ta ce, "To Allah Ya sa namu ya fi haka albarka," ta koma barcinta. Zaman iyali ma yana komawa yadda yake, a dai kiyaye dogara da hannun a makonnin farko.

Tafiya a ƙasa na fara tun mako na farko, daga gida zuwa bakin titi, yanzu ina kaiwa Ƙofar Doka in dawo ba tare da na nemi dakali ba. Kowace safiya bayan Asuba nakan ɗora yatsu biyu a wuyan hannu in ƙirga na minti ɗaya in rubuta a bayan kalanda. Idan ya sauka ƙasa da inda aka saita, an ce in kira. Na yau 64 ne. Babbar rigar na mayar da ita ranar Juma'ar mako na bakwai, jikana kuma an koya masa ya hau jikina ta dama.