Yadda Ake Saka Fayilolin -dev a Hoton Yocto

Ina haɗa na'urorin kunna famfon rijiyar burtsatse mai sola a nan Garwa, da ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi da hoton tsarin Linux (fayil ɗin da ake rubutawa a katin SD) da nake ginawa da Yocto, kayan aikin haɗa Linux na ƙananan na'urori. Rannan ƙanina ya zauna aiki da allon Raspberry Pi ɗin zai haɗa wani ɗan shirin C, sai ga wannan: gpiod.h: No such file or directory. Ya ce, "Yaya, ba ka saka libgpiod ba." Laburaren sarrafa fil-fil ɗin GPIO na allon ke nan, kuma na saka mana. Rabinsa ne ya shigo.

BitBake, manhajar da Yocto ke gini da ita, yakan raba kowane laburare kashi-kashi. Babban kunshin shi ne abin da shiri ke buƙata yayin gudu. Fayilolin .h na /usr/include, da mahaɗin .so mara lamba, da fayil ɗin .pc na pkg-config, duk suna cikin kunshi mai ƙarewa da -dev. Na .a kuwa suna cikin -staticdev. Hoto ba ya ɗaukar waɗannan sai ka kira su da suna.

Fara da tabbatar da sunan kunshin, bayan ka gina laburaren sau ɗaya:

oe-pkgdata-util find-path /usr/include/gpiod.h

Sai ka buɗe conf/local.conf ka ƙara:

IMAGE_INSTALL:append = " libgpiod-dev"

Ka lura da ratar da ke bayan alamar zance ta farko. In ka manta ta, sunan zai manne da na gabansa, BitBake ya yi ta neman kunshin da babu shi a duniya. Ta taɓa cinye min yamma guda, ga zafin Afrilu, ga wuta tana ɗaukewa. Haka kuma tun daga Honister, siga 3.4 ta 2021, :append ake rubutawa. Tsohon _append da za ka gani a tsofaffin bayanai ba zai yi aiki a sigogin da suka biyo baya, kamar Kirkstone ko Scarthgap, ba. Shi libgpiod yana cikin meta-oe, wani rukunin (layer) ƙarin manhajoji, don haka ka duba an lissafa meta-oe a cikin bblayers.conf.

Fayilolin .h kaɗai ba za su haɗa komai ba in babu kayan haɗa shiri, gcc da make, a allon. Wannan layin a local.conf zai kawo su:

EXTRA_IMAGE_FEATURES += "tools-sdk"

Akwai kuma dev-pkgs, wanda ke jawo -dev na duk abin da ke cikin hoton. Ni ba na son sa. Hoton kumbura yake yi, kuma na'urar da za ta zauna a ƙauye kusa da Pitowa ba ruwanta da wannan kaya.

Sake gina hoton, ka leƙa fayil ɗin .manifest a tmp/deploy/images ka ga sunan kunshin kafin ka rubuta katin.

Yanzu kati biyu nake ajiyewa: ɗaya mai tools-sdk na teburin gwaji, ɗaya siriri na rijiya. Shirin da zai tafi rijiya a kwamfuta nake haɗa shi, da kayan da bitbake -c populate_sdk ke fitarwa. Katin gwajin na ɗaura masa jan salatif, tunda ƙanin nan nawa ya taɓa tafiya da shi.